Darasi na Goma Sha Huɗu: Kyautata Hidimar Masu Nakasa a Garin Gombe

Gombe ita ce hedikwatar Jihar Gombe, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Bauci ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tun daga wannan lokaci garin yake ta bunƙasa. An shimfiɗa tituna, an gina bankuna da ofisoshi, an buɗe Jami'ar Jihar Gombe a 2004, ga kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da marasa lafiya ke zuwa daga nesa da kusa. A cikin jama'ar da ke kai da kawowa a Jekadafari da Pantami da Bolari da Tudun Wada akwai makafi da kurame da guragu da sauran masu nakasa. Su ma suna neman magani da ilimi da abin sufuri kamar kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. Ashe ba magana ake yi a kan 'yan tsiraru ba.

Ya kamata mai koyon Hausa ya lura da wani abu tun daga farko. Kalmomin makaho da kurma da gurgu ba zagi ba ne a karan kansu, kuma masu su suna amfani da su. Abin da ke ɓata rai shi ne a bar sunan mutum a kira shi da nakasarsa, kamar a ce, "Kai gurgu, matsa can!" A rediyo da takardun hukuma za ku fi jin "masu nakasa" ko "masu buƙata ta musamman".

Hausawa sun daɗe da tsarin kula da irin waɗannan bayin Allah. A masarautu da yawa na Arewa ana naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda ke sasanta mutanensu, su kuma kai kukansu fada. Ga sadaka da zakka, ga taimakon dangi. Duk wannan abin yabo ne. Sai dai mai ba da sadaka yakan ɗauka aikinsa ya ƙare da zarar abin ya bar hannunsa. Hidima kuwa ba ta ƙarewa a nan. Mai hidima sai ya koma ya duba: abin da na bayar ya yi amfani? Bai cutar ba? Tambayoyin nan biyu su ne ma'aunin inganci da na kare lafiya, kuma a kansu wannan darasi ya tsaya.

Keken guragu

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Sau da yawa mukan ji a rediyo cewa wani mai hali ko wata ƙungiya ta raba kekunan guragu. A taru, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. Ba a cika jin labarin kekunan ba bayan wata shida.

Keke kamar takalmi yake, kowa da daidai ƙafarsa. Idan mazaunin ya yi wa mutum faɗi, zai riƙa karkacewa gefe guda, har ƙashin bayansa ya lanƙwashe, musamman idan yaro ne mai tasowa. Idan ya matse shi, ƙarfe zai riƙa gogar cinyarsa. Babban haɗari kuwa yana ga mutanen da suka sami rauni a laka, kamar waɗanda suka yi hatsarin mota ko na babur. Irin waɗannan ba sa jin zafi daga ƙugu zuwa ƙasa. Mai lafiya idan ya daɗe a zaune, jikinsa zai gaya masa, sai ya gyara zama ba tare da ya sani ba. Shi kuwa wannan ba abin da zai gaya masa. Nauyin jikinsa zai danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa kai wa wurin, fatar ta yi ja, daga nan ta fashe ta zama gyambo. Gyambon zama yana da wuyar warkewa, kuma idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini yana kisa. Abin da ke hana shi bai taka kara ya karya ba: matashin zama mai kyau, da ɗaga jiki a kai a kai, da duba fata kullum. To, amma wa zai koya wa mutum wannan a wurin bikin raba kaya?

Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2008 kan yadda za a ba da keke a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ta ce kafin a ba mutum keke, ma'aikacin da ya sami horo zai gwada jikinsa, ya tambaye shi inda yake zaune da sana'ar da yake yi. Sai a zaɓi keken da ya dace, a daidaita masa shi, a koya masa hawa da sauka da kama birki, sannan a sa ranar da zai dawo a duba shi. Tambayar wurin zama tana da muhimmanci ƙwarai a Gombe. Keken asibiti, mai ƙananan tayoyi a gaba, an yi shi ne domin daɓen siminti. Ka kai shi lungun da yake cike da yashi, nan take tayoyin za su nutse. Shi ya sa guragu da yawa suka fi son keke mai ƙafa uku wanda ake tuƙawa da hannu. A Kano, ƙungiyar mutanen da cutar shan inna ta nakasa ta shahara wajen ƙera irin wannan keke da hannunta. Masu ƙerawar su ne masu hawa, don haka sun san inda ƙarfe yake karyewa. Kuma duk abin da aka ƙera a gida, mai walda da mai faci na bakin titi za su iya gyara shi, saɓanin keken da aka shigo da shi wanda babu kayan gyaransa a kasuwa.

An tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna ranar 25 ga Agusta, 2020. Abin farin ciki ne, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan da ransu, kuma za su buƙaci keke da sandunan dogarawa har tsufansu.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis

A ce keke ya yi daidai. Saura hanya. Garin Gombe yana fama da zaizayar ƙasa, kuma da damina ruwa yakan yanke hanyoyin cikin unguwa, ya bar kwazazzabai. Magudanar ruwan da ba a rufe ba, wadda mai gani zai tsallake ko a jikinsa, tarko ce ga makaho. Haka ma kwalbatin da murfinsa ya karye, da kayan 'yan tireda da aka baza a inda masu tafiya da ƙafa za su bi.

Idan an isa ofis ko asibiti, sai a tarar da matakala. Gine-gine da yawa yanzu suna da gangara a gefen matakala domin masu keke, kuma wannan ci gaba ne. Amma ba kowace gangara ce gangara ba. Ƙa'idar da magina suka sani a duniya ita ce ɗaya bisa goma sha biyu: duk tsayin santimita 1 yana buƙatar tsawon santimita 12. Ku yi lissafi da kanku. Idan ƙofa tana da matakala uku, kowace santimita 15, tsayin ya zama santimita 45. Tsawon gangarar da ta dace shi ne santimita 540, wato kusan mita biyar da rabi. Abin da aka fi gani kuwa ɗan siminti ne da bai kai mita biyu ba, an kuma lulluɓe shi da tayil mai santsi don ado. Mai keke ba zai iya hawa shi kaɗai ba, idan kuma ya zo sauka yana iya kifewa. A ganina irin wannan gangara ta fi rashinta muni, domin tana sa mai ginin ya ɗauka ya sauke nauyi. Gangara ta gari tana da ƙarfen riƙewa a gefe, ba ta da santsi, kuma ba a ajiye babur a bakinta.

Kurma a gaban likita

Akwai haɗarin da ido ba ya gani. Kurma ya je asibiti da ciwon ciki. Likita bai iya maganar hannu ba, shi kuma majinyacin ba ya jin abin da ake faɗa. Sai a koma nuni da yatsa da kaɗa kai. Ta yaya zai bayyana cewa wani magani yana sa masa ƙaiƙayi da kumburi? Ta yaya zai gane cewa ƙwaya ɗaya zai sha sau uku, ba uku a lokaci ɗaya ba? Wani zai ce a rubuta masa. Wannan zai yi idan ya yi makaranta, amma kurame da yawa ba su sami wannan dama ba. Wani kuma zai ce ya zo da ɗan'uwansa. Haka aka saba yi, sai dai akwai ciwon da mace ba za ta iya faɗa a gaban ƙaninta ba, kuma sirrin majinyaci haƙƙinsa ne.

Maganin wannan shi ne tafinta wanda ya sami horo, ya kuma san riƙe amana. A nan ma akwai abin lura. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu na gado, wanda ake kira maganar hannu ko maganar bebaye. Wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinsa a Kano, ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000. A makarantu kuwa ana koyar da wani harshen hannu dabam, mai asali daga Amurka, wanda wani malami kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya taimaka wajen yaɗawa bayan ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Saboda haka tafintan da ya iya na makaranta kaɗai yana iya kasa fahimtar dattijon da ya zo daga ƙauye. Inganci shi ne a tambayi kurman wanne yake ji.

Makaho shi ma yana da tasa matsalar a ɗakin magani. Kwalabe biyu masu kama ɗaya, ɗaya na sha, ɗaya na shafawa, suna iya jawo asarar rai. Ma'aikaci mai lura zai ɗaura zare ko roba a wuyan ɗaya, ya sa mai ita ya shafa ya ji bambancin kafin ya tafi.

Makaranta

Makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato, ta fara aiki a 1953, kuma daga irinta ne rubutun makafi ya bazu a Arewa. Wani Bafaranshe makaho, Louis Braille, shi ya ƙirƙiro wannan rubutu a 1824 yana ɗan shekara 15. Ɗigo shida ne masu tudu, ana jera su iri-iri, ana karantawa da yatsa. Yau akwai makarantu na musamman a jihohi da yawa, har da Gombe. Iyaye sukan kawo yara daga nesa su bar su a ɗakin kwana, kuma nan ne maganar kare lafiya ta fi tsanani. Idan gobara ta tashi da dare, ƙararrawa ba za ta ta da yaro kurma ba, sai fitila mai walƙiya ko mutumin da aka ɗora wa alhakin tashinsa. Yaro makaho kuwa sai an bi da shi hanyar fita sau da yawa har ƙafarsa ta haddace ta. Sannan yaron da ba ya iya magana shi ne wanda mugu ya fi saurin cuta, domin ya san ba zai iya kai ƙara ba. Dole a binciki halin duk wanda za a ba amanar ɗakin kwana, kuma a sami malama ko malamin da yara za su iya gaya wa damuwarsu da harshen da suke ji.

Abin da doka ta ce

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a watan Disamba, 2006, Nijeriya kuma ta tabbatar da shigarta a 2010. A watan Janairu, 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Dokar ta ce wanda ya nuna bambanci za a ci shi tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. Idan kamfani ne, tarar naira miliyan 1 ce. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta hana jami'i amincewa da taswirar ginin jama'a da ba a tanadar wa masu nakasa hanya ba. Ta ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar sadarwa ga majinyacin da ba ya ji ko ba ya magana, a ba masu nakasa fifiko a layi, a keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, kuma kada wani ya yi amfani da su wajen bara. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa domin ta sa ido a kan wannan.

Doka a takarda ba ta miƙe gangara. Abin da ke sa ta aiki shi ne a sami inda mutum zai kai kuka, a saurare shi, a gyara, ba tare da ya ji tsoron a hana shi taimako gobe ba. Akwatin ƙorafin da aka rataye a saman bango, wanda sai an iya rubutu kuma an iya miƙewa tsaye, bai amfani gurgu ko makaho da komai ba. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za a duba sabon gini a Gombe kafin a buɗe shi, a gayyaci mai keke ya hau gangarar da kansa, makaho ya nemi ƙofa da sandarsa, kurma ya je wurin yankar kati ya gwada neman bayani. Cikin rabin sa'a za su nuna abin da injiniya bai gani ba.

Tattaunawa

Ku karanta bibbiyu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ga wani dattijo makaho a ƙofar asibiti.

Ma'aikaciya: Salamu alaikum, Baba. Ina kwana? Ni ma'aikaciya ce a nan.
Dattijo: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, 'yata. Yaya aiki?
Ma'aikaciya: Da godiya. Baba, ko kana bukatar a raka ka?
Dattijo: I, wurin karɓar magani nake nema. Amma kada ki ja mini sanda, ita ce idona.
Ma'aikaciya: To, Baba. Ga gwiwar hannuna ta dama, ka riƙe. Akwai matakala biyu a gabanmu, hawa za mu yi.
Dattijo: Madalla. Haka ake yi. Allah ya yi miki albarka.
Ma'aikaciya: Amin, Baba. Mun iso. Ga kujera a hagunka. Zan tafi yanzu, mai ba da magani zai kira sunanka.

Ma'anar kalmomi

hidima: aikin da ake yi don amfanin wani
inganci: kyau da nagartar abu
laka: farar jijiyar da ke cikin ƙashin baya
gyambo: miki mai daɗewa bai warke ba
kwazazzabo: rami mai tsawo da ruwa ya haƙa
tafinta: mai mayar da magana daga wani harshe zuwa wani
majinyaci: mara lafiyar da ake yi wa magani
wa'adi: lokacin da aka yanke don a gama wani abu
ƙorafi: bayyana rashin jin daɗin wani abu

Tambayoyi

1. Wane bambanci marubucin ya nuna tsakanin sadaka da hidima?
2. Yaya gyambon zama yake samuwa, kuma me ke hana shi?
3. Me ya sa keken asibiti bai dace da lungunan Gombe ba?
4. Idan tsayin dandamalin ƙofa santimita 30 ne, mene ne tsawon gangarar da ta dace?
5. Kawo dalilai biyu da suka sa ɗan'uwa ba zai maye gurbin tafinta ba.
6. A cikin tattaunawar, me ya sa ma'aikaciyar ta sanar da dattijon cewa za ta tafi?
7. Marubucin ya ce muguwar gangara ta fi rashinta muni. Kun yarda? Ku kafa hujja.

Nahawu

(a) Dubi waɗannan: makaho, makauniya, makafi, gurgu, gurguwa, guragu. Kawo tamata da jam'in waɗannan: bebe, kuturu, majinyaci, ma'aikaci, dattijo.
(b) Ana hani da "kada": Kada ki ja mini sanda. Mayar da waɗannan jimloli zuwa hani: Ka ajiye babur a nan. Ku tura keken. Ta rufe ƙofar.
(c) Yi amfani da kowane ɗaya a cikin jimlarka: bai taka kara ya karya ba, ko a jikinsa, sauke nauyi, sa ido.

Aiki

Ku kasu gida huɗu. Kowane rukuni ya ɗauki tef na awo ya zagaya wani sashe na makarantarku: azuzuwa, ofishin shugaba, ɗakin shan magani, bayan gida. Ku auna tsayin matakala da faɗin ƙofofi, ku rubuta duk ramin da ba a rufe ba. Idan akwai ɗalibi ko malami mai nakasa, ku nemi izininsa ku ji ra'ayinsa. Daga nan kowane rukuni ya rubuta wa shugaban makaranta wasiƙa da Hausa, wadda ba ta wuce kalmomi 150 ba, ya ambaci gyara guda biyu da za a iya yi kafin ƙarshen wannan zango.